Kurakuran Turanci da ɗaliban ƙaramar sakandare suka fi yi, da yadda za a gyara su

Duk malamin da ya taɓa zama da tarin littattafan 'yan aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare, da jan biro a hannu, ya san cewa kurakuran yaranmu ba barkatai suke zuwa ba. Abin da ya gyara a littafin farko shi zai sake tararwa a na arba'in, domin yaron da ya tashi da Hausa a baki yakan shirya maganarsa da Hausa a zuci, sannan ya lulluɓe ta da kalmomin Turanci. Saboda haka ja wa kuskure layi kawai ba ya maganinsa, sai an nuna wa yaron daidai inda harsunan biyu suka raba hanya, kuma gara a yi hakan tun kafin jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku ta ƙarato.

Babbar matsalar ita ce lokutan aikatau. A Hausa muna cewa ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Kalmar "tafi" tana nan yadda take, 'yar kalmar da ke gabanta ce ke nuna lokaci. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yake sauyawa, wato "go", "went", "gone". Yaro ya rubuta "Yesterday he go to the market" hankalinsa kwance, don a ganinsa "yesterday" ta riga ta gama aikin. Haddace jerin aikatau daga allo ba ya wadatarwa. Abin da na ga yana aiki shi ne a ɗauki jimla guda, a sa yara su juya ta sau uku da baki, da jiya da kullum da gobe, har kunnensu ya fara ƙin "he go". Sai dai a kula, da zarar sun kama "went" sukan zarce gona da iri su ce "Did you went?", alhali "did" ta riga ta ɗauki nauyin shuɗaɗɗen lokaci, aikatau kuma dole ya koma "go". Haka nan harafin "s": an koya musu cewa alamar jam'i ce, don haka sai su rubuta "They goes" da "She go". A faɗa musu ƙarara cewa a jikin suna "s" tana nuna jam'i, a jikin aikatau kuwa tana nuna mai aikin guda ne.

Akwai kuma "Musa he went home", wadda fassara ce kai tsaye ta "Musa ya tafi gida". Hausa ba ta yarda a bar "ya" ba, Turanci kuma bai yarda a haɗa suna da wakilinsa a wuri ɗaya ba.

Inda abin ya fi ba da dariya, ya kuma fi wuyar kankarewa, shi ne kalmomin da Hausa ta ɗora wa ayyuka da yawa. Wata rana ana tsakiyar darasi wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce mini, "Sir, I am hearing smell." Gaskiya ta faɗa, an kunna wa bola wuta a bayan aji, amma "ji" ɗinmu guda ɗaya ta rabu gida-gida a Turanci: sauti "hear", wari ko ƙanshi "smell", sanyi ko zafi "feel", fahimtar magana kuma "understand". Haka "sha" take, domin ruwa ne ake "drink", magani "take" ake yi. "Ara mini" ta haifi "borrow me", alhali mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa ne ke "borrow". "Ina da littafi" ta zama "I am having a book" maimakon "I have a book". Wanda kuma ya juya baya yana fita yana cewa "I am coming", "ina zuwa" yake nufi, Bature kuwa zai tsaya yana kallonsa da mamaki. "I will be back" ita ce daidai. Maganin wannan rukuni shi ne kowane ɗalibi ya ware shafi a bayan littafinsa, ya rubuta kalmar Hausar a sama, rassanta na Turanci a ƙasa, kowanne da jimlar da shi da kansa ya ƙirƙira. A nan ne nake ganin cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji hasara ce, domin da Hausar ake gane tushen kuskuren.

Wasu kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. "Information", "advice" da "furniture" ba sa ɗaukar "s". "Ya fi ni tsawo" ita ce "He is taller than me", ba "tall than" ba, ba kuma "more taller" ba. Idan aka tambayi yaro "Didn't you come?" kuma bai zo ba, amsar ita ce "No, I didn't", ko da yake da Hausa "E, ban zo ba" zai ce.

Rikicin "p" da "f" daga baki yake farawa ya gangaro takarda, tunda Hausa ba ta bambanta su, sai "pull" ta zama "full", "pan" ta zama "fan". A sa yaro ya riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa: in ya haɗe leɓɓansa ya saki "p", takardar za ta zabura, in "f" ce, haƙoran sama ne za su sauka a kan leɓen ƙasa. Shiftar minti biyar da irin waɗannan tagwayen kalmomi sau biyu a mako tana rage matsalar sosai.

A ɓangaren auna fahimta, kuskuren da ya fi cin maki shi ne farautar kalma. Yaro ya ga kalma a cikin tambaya, ya nemo ta a cikin labarin, ya kwafe jimlar ɗungurungum ba tare da ya san abin da ta ce ba. Wani kuma kalma ɗaya baƙuwa ce za ta tsayar da shi cak, alhali jimlar da ke gabanta da ta bayanta sun isa su nuna masa ma'anarta, kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da ƙamus. Da yawa ba sa lura da "not" ko "except" a cikin tambaya, sai su zaɓi kishiyar abin da ake nema. Yadda nake yi shi ne, bayan kowane sakin layi sai in sa a rufe littafi, wani ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa, wani ya mayar da shi Turanci cikin jimla ɗaya tasa ta kansa. Daga nan sai a buɗe, a ja layi ƙarƙashin kowane "he", "it" da "they", a tambayi ajin wa ake nufi ko me ake nufi, kafin a taɓa tambaya ta farko.