Babi na 6: Kula da Birkin Tsohuwar Katafilar Lodi

Katafilar lodi ita ce mai manyan tayoyi huɗu da bokiti a gaba, wadda ke ɗibar yashi ko burji ko tsakuwa tana zuba wa tifa. Da yawa daga cikin waɗanda ke aiki a bakin kogunanmu da wuraren fasa dutse tsofaffi ne, irin su Caterpillar 950 da 966C. Nauyin 966C ya haura tan 15 tun ba ta ɗebo komai ba. Ga yaran tifa a gefe, ga masu shebur, ga mai tallar abinci ta ajiye kwanukanta kusa. Duk rayukansu na rataye da birkinta.

Akwai direbobin da suka saba, in birki ya yi sanyi, sai su riƙa kifa bokiti a ƙasa don su tsaya. Wannan dabarar ceton rai ce ta lokaci ɗaya. Wanda ya mayar da ita aikin kullum, wata rana zai zo gangara da bokiti cike a sama, kafin ya sauke shi aikin gama ya gama.

Yadda birkin ke aiki

A irin waɗannan tsofaffin injuna, iska da mai ne ke haɗa ƙarfi. Kwamfuresa na tara iska a tanki. In ka taka feda, iskar ta tura masta, masta ta tura man birki cikin bututu har zuwa tayoyi. Yawanci masta biyu ce, ɗaya ta tayoyin gaba, ɗaya ta na baya. Saboda haka in birki ya ƙi ci, tambaya biyu za ka fara yi: akwai iska? Akwai mai?

Kafin ka taɓa komai

Ka tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, ba gangara ba. Ka sauke bokiti ya zauna a ƙasa, ka ja birkin ajiya, ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihunka. Ka tokare tayoyi gaba da baya da katako mai kauri. Sannan ka ɗaura ƙarfen nan da ke kulle tsakiyar katafila inda take lanƙwasawa. Kada ka shiga wurin ba tare da shi ba, domin in ta juya, ba a fita da rai.

Iska

Ka tayar da inji ka zuba wa agogon iska ido. Ka koyi karanta lambobinsa da kanka. A yawancin injunan, allura kan tsaya wajen 100 zuwa 120. In ta yi ƙasa zuwa wajen 60, ƙararrawa ko jar fitila za ta gargaɗe ka. Kada ka motsa sai iska ta cika. Kada kuma ka yarda a cire wayar ƙararrawa wai don ta dami kunne.

Kullum in an tashi daga aiki, ka buɗe ɗan famfon da ke ƙarƙashin tankin iska. Ruwa zai fito da feshi, wani lokaci ja saboda tsatsa. Ka bar shi sai iska zalla ta rage. Aikin bai kai minti biyu ba, amma rashin yin sa ne ke kashe birki da yawa. Ruwan kan bi bututu ya shiga bawul ɗin feda, ya ci ƙarfe, ya sa feda ta riƙa maƙalewa. Da damina ruwan ya fi yawa. Ka tara ɗan abin da ya fito a tafin hannu ka duba. In ka ga baƙin mai mai yauƙi, kwamfuresa ce ta gaji tana tura man inji, a kira bakanike. Da hunturu kuwa ƙura ce ke toshe matatar iska, sai ka ga allura tana hawa da ƙyar.

In kana zargin yoyo, ka kashe inji da iska cike, ka saurara. Sai ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu. Inda ya yi kumfa, nan ne.

Mai

A nan aka fi yin ɓarna. Ka goge murfin gwangwanin masta kafin ka buɗe, don kada yashi ya faɗa. Ka karanta abin da aka rubuta a murfin ko a littafin injin. Wasu na shan man birki irin na mota, mai rubutun DOT 3 a jikin gwangwani. Wasu kuma man haidurolik suke sha. Ba a haɗa su. In ka zuba haidurolik ko man inji inda ake son DOT 3, robobin ciki za su kumbura su yi laushi kamar burodin da ya sha shayi, sai an canza su gaba ɗaya, daga masta har tayoyi. Haka nan ba a wanke waɗannan robobi da fetur ko gas, sai da man birki mai tsabta. Man DOT 3 na jan danshi, don haka ka rufe gwangwaninsa da kyau, wanda ya daɗe a buɗe kuma kada ka zuba.

In mai na raguwa kullum, yana fita ta wani wuri. Ka leƙa bayan kowace taya ka ga ko ta jiƙe. In ko'ina a bushe yake, mai yiwuwa robar masta ce ta mutu, man na zuba cikin ɓangaren iska. Ina roƙonka, kada ka yarda a naɗe bututun tayar da ke yoyo a daddale shi don aiki ya ci gaba. Birkin taya uku kan fizgi inji gefe guda.

Bayan kowane gyara sai an fitar da iskar da ta shiga cikin mai, kuma aikin mutum biyu ne. Tankin iska ya kasance cike. Wanda ke sama ya taka feda ya riƙe, ya ce, "Na taka." Na ƙasa ya sassauta ɗan notin fitar da iska da ke jikin birkin taya, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, sannan ya ce, "Saki." In aka saki kafin a ɗaure, iska ta koma. A maimaita har mai ya fito ba kumfa, ana yi ana ƙara mai a gwangwani kada ya ƙafe.

Layini da birkin ajiya

Laka da yashi na cinye layinin birki, wato abin da ke gogar ƙarfe ya tsayar da taya, da sauri. In ya yi siriri, ko man aksul ya jiƙa shi, a canza na dama da na hagu tare. Kada ka hura ƙurarsa da iska, tsohon layini na iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu. Ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. In za ka sayo kaya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ka tafi da tsohon, ka kuma rubuta lambar injin a takarda.

Tukunyar birkin ajiya na da sifirin mai ƙarfin gaske a ciki. Wannan ba taka ba ce, ta ƙwararren bakanike ce.

Abu ɗaya game da tuƙi: a irin waɗannan katafilu feda biyu ce. Ta hagu na taka birki ta kuma cire giya, ta dama birki kawai take takawa. A gangara ta dama ake takawa, da ƙaramar giya, bokiti kusa da ƙasa.

Aikin yi

Ka sami ɗan littafi ka ja layi huɗu: kwanan wata, lambar da agogon iska ya nuna, ko ka zubar da ruwan tanki, da yawan man da ka ƙara. Ka cika shi na mako guda, ka kawo aji mu karanta tare.