Yadda za ka kai maiɗakinka Yamai ku yi kwana uku na hutu

Abokaina huɗu ne a nan Tawa suka ɗauki matansu zuwa Yamai da sunan hutu, kuma uku daga cikin matan sun gaya wa maiɗakina cewa ba su ga komai ba sai falon mutane da ƙeyar direban taksi. Mu ma haka tafiyarmu ta farko ta kasance, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Sai a karo na biyu muka gyara. Ga yadda ake yi.

Fara da zaɓen lokaci. Disamba ko Janairu, ba wani wata ba. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, kogin Isa ya janye ya bar rairayi, ba mai sha'awar yawo. Da damina kuma ga sauro ga ambaliya a unguwannin bakin ruwa. Amma lokacin hunturu ne ruwan da ya taso tun daga duwatsun Gini yake isowa, kogi ya cika ya batse, gari ya yi sanyi da safe da maraice. Kada ka sa tafiyar daf da salla, motoci cike suke. Kuma kwana ukun nan ban da ranar zuwa da ranar dawowa: daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wuni guda ke nan a zaune. Katin ɗan ƙasa naka da nata su kasance a aljihu, kada su shiga akwatin da aka tura ƙarƙashin mota.

Sai masauki, kuma a nan ne kowa yake faɗuwa. Kada ku sauka gidan dangi. Na san maganar tana da nauyi a kunnen Bahaushe, amma tsaya ka ji.

Tafiyarmu ta farko gidan gwaggona muka sauka a Bukoki. Mace ce mai son mutane, ta yanka mana kaza, ta yi shimfiɗa. Da dare aka kai maiɗakina ɗakin ƴan mata, ni kuma aka ba ni katifa wajen samari. Gari na wayewa Gwaggo ta ce, "To ɗana, ai ka san Kawunka na Talaje ba zai ji daɗi ba in ya ji ka shigo gari ba ka je ba." Daga Talaje aka ce akwai suna a Lazare. Washegari gaisuwar rasuwa a Banifandu. Na dawo da azahar na tarar da matata a madafa tana yankan albasa, cikin atamfar da ta ɗinka musamman domin wannan tafiya, ta naɗe hannun rigar. Surukuwa ce, ba ta da bakin cewa a'a, ni ma ba ni da shi. Rana ta uku muna cikin taksi za mu gaida wani a Harobanda, mun hau Gadar Kennedy, ta leƙa ta taga ta ce, "Malam, wannan shi ne kogin?" Na ce shi ne. Kafin ta gama kallo mun sauka gadar. Abin da ta gani na Yamai ke nan, kuma ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, wanda shi ne ya fi damuna.

Ba laifin Gwaggo ba ne. Wanda ya sauke ka a gidansa yana da haƙƙin lokacinka, haka aka san zumunci. Saboda haka ka raba tafiyar zumunci da tafiyar hutu tun daga gida. Ka kama ɗaki a otel ko gidan baƙi, ka biya kuɗin kwanakin gaba ɗaya. Kada ka sanar da kowa a Yamai cewa kuna tafe. Ka roƙi uwargida kada ta ɗora hoto a WhatsApp sai kun dawo, domin hoto guda ya isa a fara kiran wayarka. Gaisuwa kuwa dole ce, ba a shiga gari a fita ba a gaida manya ba, amma ka ajiye ta sai yammacin ranar ƙarshe, tikitin komawa yana aljihunka. Ku je da tsaraba mai kauri: cuku, albasar Galmi in kun samu a hanya, turmin zane. In Gwaggo ta yi faɗa, kada ka ce "ba mu so mu ɗora miki nauyi", wannan zagi ne a wurinta. Ka durƙusa ka ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, ƴarki na kawo ta huta, shi ya sa." Faɗan ba ya wuce minti biyar, daga nan sai sa albarka.

Wajen zaɓen ɗakin, nemi Plateau ko Terminus, inda kogi da gidan tarihi suke kusa. In ka kama mai araha can bayan gari, abin da ka rage taksi zai cinye shi. Kafin ka ba da ko dala, ku shiga tare: a kunna na'urar sanyi ka ji, a buɗe famfo, ka tambaya ko suna da injin wuta in lantarki ya ɗauke. Banɗaki kuwa ita za ta duba, in ta ce bai yi ba to bai yi ba. Manyan otel ɗin da aka gina domin taron Tarayyar Afirka na 2019 ba sai kun kwana a ciki ba. Kuɗin dare ɗaya a can ya ishe ku ci da sha na kwana ukun.

Abu na uku, raba yini gida biyu. Ku fita da safe, ku dawo kafin azahar, ku ci ku kwanta, sai bayan la'asar ku sake fita. Wuri ɗaya a kowace fita. Maza da yawa sukan jera wurare shida a rana ɗaya kamar masu bin bashi, mace na biye da takalmi mai tsini, kafin magariba an fara ɓacin rai. Taksin Yamai na haɗaka ne, ka tsayar ka faɗi unguwa ka ce ku biyu ne, in hanyarsa ce ya ɗauka. In kuna so ku kaɗai, a yanke kuɗi kafin a shiga. Riƙe canji, direba ba ya son ganin jaka goma da sassafe. Hausa za ta kai ka ko'ina a garin, amma in ka fara da "fofo" wajen Bazabarme za ka ga fuskarsa ta sake, kuma su ma da dala suke ƙirga kuɗi kamar mu.

Safiyar farko ta gidan tarihi ce, wanda aka buɗe a 1959, yake ɗauke da sunan Bubu Hama, marubuci kuma tsohon shugaban majalisar dokoki. Ku isa da wuri. Kada ku ɓata ƙarfinku gaban kejin zaki da kuraye inda yara suke cincirindo. Ku fara da ɗakunan tufafin gargajiya, da bukkoki da gidajen ƙabilun ƙasar nan da aka gina a fili, sannan ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a hamada, har da na wani kada mai tsawon ban mamaki. Ku nemi itacen Tenere, bishiyar nan da ta rayu ita kaɗai a tsakiyar sahara har wata babbar mota ta buge ta a 1973 aka kwaso gangar jikinta zuwa nan. Maiɗakina ta daɗe tsaye gabanta. Rumfunan masu sana'a su ne na ƙarshe: maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa. A gabanka Buzu zai zauna yana goge sarƙa da ɗan ƙyalle har ta yi walƙiya. Bar ta ta yi ciniki da kanta, kai dai ka yi shiru, domin da zarar miji ya sa baki kuɗi ya tashi.

Da yamma sai kogi, kuma wannan shi ne zuciyar tafiyar. Ku isa bakin ruwa saura kamar awa ɗaya da rabi magariba. In za ku shiga kwalekwale, ku gama magana uku a kan tudu: nawa ne na mutum biyu, har ina za a kai, kuma biya sai an dawo. Ka ce wa mai jirgi ba kwa son a matsa kusa da dorina, daga nesa ma an gan ta. In uwargida tana tsoron ruwa kada ka matsa mata ko kaɗan. Ku zauna a farfajiyar Grand Hôtel da ke kan tudu, ko wani wuri a gefen hanyar bakin kogi ta Gamkale, ku sa a kawo lemo. Daga nan za ku ga rana tana faɗawa bayan Harobanda, ruwa ya koma ja, masu wanki suna naɗe kayan da suka shanya, masunci yana tsaye a bakin jirginsa yana watsa birgi, jemagu suna ketare sama garke garke. Gadar Kennedy, wadda ta fara aiki a 1970, tana gabanku cike da ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni masu komawa, can kuma ga gada ta biyu da Sinawa suka gina aka buɗe a 2011. Sa wayarka a aljihu. In za ku ɗauki hoto ku ɗauki junanku, ban da sojoji da gine-ginen hukuma.

Abinci. Dokata ita ce, abin da ake dafawa a gidanku kada ku saye shi a Yamai. Ba ka kawo ta nan domin tuwo da miyar kuka ba. Daren farko kifi, kuma giwan ruwa, gasasshe. Ka je ka ga kifin da idonka, ka ji kuɗinsa kafin a ɗora a wuta, ka kuma sani zai ɗauki lokaci, saboda haka ku ba da saƙo kafin ku tafi sallar magariba. Da rana dambu da zogale, wanda Zabarmawa suke kwaɗawa da tunkuza suna kiransa kopto, ba shi da tsada kuma ba ya sa nauyin ciki. Da safe fari masa mai zafi da shayi. Dare na biyu gasasshen zabo ko tsire, wajen mai naman da ka ga mutanen unguwa sun yi layi. Ɗanyen ganye na bakin titi ku bar shi, ciwon ciki na kwana ɗaya ya cinye sulusin hutunku. In an kawo takardar abinci da Faransanci, karanta mata duka ka bar ta ta zaɓa, kada ka yi saurin cewa a kawo shinkafa biyu. Kuma ka ware kuɗin cin abinci ɗaya mai tsada a wuri mai teburi da ƙyalle, ko da sauran duk na rumfa ne. Mace da take dafa wa gida sau uku kullum ta cancanci ta zauna a kawo mata.

Rana ta biyu kasuwa. Babbar Kasuwa, wadda gobara ta cinye a 1982 aka sake gina ta, nan ne wajen atamfa da turare da kayan ɗaki. Ka ba ta kuɗinta a hannu tun daga masauki, kai aikinka riƙon leda. Jakunkuna da takalman fata sun fi kyau a ƙauyen masu sana'a na Wadata. Ku yi la'asar a Babban Masallacin da Libiya ta gina, daga nan ku sake komawa bakin kogi, ba a gajiya da shi.

Rana ta uku ku bar safiyarta ba tsari, ta yi barcinta. Za a ba ku shawarar zuwa ƙauyen Bubon mai tukwane, ko raƙuman dawa na Kure da ke wajen kilomita 60 a hanyar Doso. Tun harin da aka kai Kure a 2020 ni ba na fita da iyali bayan gari domin yawon kallo, kuma ba na ba kowa shawarar haka. Ku sayi kilishi, a ɗanɗana kafin a naɗe, a haɗa ja da fari, a raba ƙunshin iyayenta daban da na naka. Ka je tasha ka yanki tikiti tun da hantsi, ka nemi kujeru biyu a jere, na taga nata ne. Bayan la'asar sai gidan Gwaggo.