Kurakuran da ake tafkawa wajen kwatanta furosesar saba

Yawancin masu sayen saba (server, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke dogara da ita) a Birnin Kebbi, ko don asibiti ne, ko makaranta, ko ofishin lissafi na injin casar shinkafa, ba sabuwa suke saya ba. Ta hannu ce ake aikowa daga Ikeja ko Kano, galibi Dell R730 ko HP DL380 Gen9. Mai sayarwa zai turo hoto ta WhatsApp da layi guda na lambobi, a kan wannan layin kuma ake yanke shawarar kashe miliyoyi. Daga nan ɓarnar ke farawa.

Abin da ya fi cin mutane shi ne ƙirga ƙwayoyin aiki (cores) da ke cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa sabar lissafi. Da an ji "mai ƙwaya 22 ce, ranka shi daɗe", sai Alhaji ya ce a kawo. To, furosesar Intel mai suna Xeon E5-2699 v4 tana da ƙwaya 22, amma gudunta na asali 2.2GHz ne. 'Yar'uwarta E5-2667 v4 ƙwaya 8 kacal gare ta, tana gudu a 3.2GHz. Idan aikinka manhajar lissafi ce ko ta ajiye bayanan marasa lafiya, wadda ma'aikata goma sha biyar ke shiga, ta biyun za ta fi saurin amsawa, domin irin waɗannan manhajoji da yawa ba su iya rarraba aiki ɗaya ga ƙwayoyi masu yawa. Buhu ɗaya ne za a ɗauka, ko ka tara 'yan dako ashirin mutum ɗaya ne zai saɓa shi. Ƙwayoyi masu yawa suna biya ne idan za ka raba sabar gida-gida da manhajar rabawa irin Proxmox, kowane gida da aikinsa. Saboda haka ka fara tambayar wanda ya rubuta manhajar: ƙwaya nawa take iya amfani da su a lokaci guda? Kada kuma 3.6GHz da ake rubutawa gefen E5-2699 v4 ya ruɗe ka. Wannan gudun tana kai shi ne idan ƙwayoyi kaɗan ke aiki, ba duka 22 ba.

Sai ƙaramin harafin da ke ƙarshen suna, wanda ido ke tsallakewa. E5-2690 ta 2012 ƙwaya 8 ce. Mai v2 tana da 10, v3 tana da 12, v4 ta 2016 tana da 14. Suna ɗaya, kaya daban. Biyun farko da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) na DDR3 suke aiki a tsofaffin sabobi R720 da Gen8, biyun ƙarshe da DDR4 a R730 da Gen9, kuma ba a cire ta wannan a dasa a wancan. Wanda ya sayi v2 don ta fi araha ya sani ba ta da wasu umarnin lissafi da ake kira AVX2, kuma tsarin gudanar da saba na Red Hat na 10 da ya fito a 2025 ba ya hawa kan furosesar da ba ta da shi. Ka ce a ɗauko maka hoton allon BIOS, wato allon saitin da ake shiga lokacin kunna injin, ka karanta cikakken sunan da idonka.

Kuskuren da ya fi tsada a wurinmu shi ne manta wuta. Ana kwatanta kuɗin saye, ba a kwatanta kuɗin riƙo. A ce saba tana jan wat 300 dare da rana. A kwana yunit 7.2 ke nan, a shekara 2,628. Da farashin Band A da aka sa a Afrilun 2024, wato naira 225 kowane yunit, ya kusa naira dubu 600 a shekara. Wannan ma idan wutar Kaduna Electric ba ta ɗaukewa ne. In ta ɗauke aka koma janareta da dizal, lissafin ya wuce nan nesa. In sola ce, wat 300 na awa goma sha biyu na dare yunit 3.6 ne da batir zai riƙe, ban da asarar inbata. Sau da yawa kuɗin ƙarin batir da faifan sola ya fi kuɗin sabar kanta. Shi ya sa ni ba na ganin hikimar sanya furosesa biyu a injin da ɗaya ta ishe shi: ta biyun tana zaune ba aiki, tana shan wuta, tana dumama ɗaki.

A nan ma akwai tarko. Lambar TDP, kamar wat 145 na E5-2699 v4 ko 120 na E5-2680 v4, ma'aunin zafin da za a kwashe ne daga furosesar, ba abin da mita za ta karanta ba. Fankoki, RAM da faifan ajiya duk suna ci. Dell na da shafin sa ido kan saba mai suna iDRAC, HP na da iLO, kowanne yana nuna wat ɗin da injin ke ja a wannan lokacin. Ka sa mai sayarwa ya kunna, ya ɗora mata aiki, ya turo maka abin da ya gani.

Zafi kuwa ba sai an gaya wa mutumin Kebbi ba. Dell ta tsara R730 ta shaƙi iskar da ba ta wuce digiri 35 ba, mu kuma a Afrilu muna haura 40. Idan ɗakin ba na'urar sanyaya wuri, fankoki za su yi ta kururuwa, furosesa ta rage gudu don kare kanta. Ƙurar hunturu ta toshe mashigar iska, abin ya ƙaru. Makin da ka gani a shafin gwajin saurin furosesa na PassMark an same shi ne a ɗaki mai sanyi.

Akwai kuɗin lasisi, wanda ofisoshi ke tunawa bayan an gama saye. Tun daga Windows Server 2016, Microsoft da ƙwaya take ƙirga, mafi ƙaranci 16 a kowace saba. Ka ɗauko furosesa biyu masu 22, ka biya lasisin 44. SQL Server, manhajar Microsoft ta ajiye bayanai, ma yana da tsarin biya da ƙwaya. Idan hukuma ce da za a binciki takardunta, furosesa mai ƙwayoyi kaɗan masu gudu ta fi sauƙi a aljihu.

Wani lokaci ma laifin ba na furosesa ba ne. An taɓa kirana wani ofis ana cewa sabar ta yi nauyi, a sauya mata furosesa. Da muka buɗe Task Manager, allon Windows da ke nuna nauyin aikin kowane ɓangare, furosesa na hutawa, faifan ajiya mai juyawa ne ya cika ɗari bisa ɗari. SSD aka sa, wato ma'ajiya mai sauri marar juyawa, magana ta ƙare. Haka RAM. Ka ɗaga murfin R730 za ka ga ramuka 24, A1 zuwa A12 na furosesar farko, B1 zuwa B12 na ta biyu. Kowace furosesa hanya huɗu take da ita zuwa RAM. Mai sayarwa ya cusa sanda biyu manya a gefen A ya bar B fayau, ya rubuta 64GB. Adadin daidai ne, amma hanya biyu cikin takwas ke aiki. Sanda takwas masu 8GB, huɗu kowane gefe a ramukan masu farin maƙalli, sun fi.

Game da kamfanin furosesa na AMD, masu cewa Intel kaɗai suka sani sun tsaya a baya. Furosesarsa ta saba, EPYC, ta fito a 2017, ta 2019 ta kai ƙwaya 64 da hanya takwas ta RAM a furosesa guda, adadin hanyoyin da sai Xeon biyu na zamanin v4 ke bayarwa. Sai dai kafin ka saya ka tambayi kanka inda za ka samu kayan gyaranta. Idan abin ba da wuta na R730 ya ƙone, ana samo shi daga Kano ba wahala. Na sabar EPYC kan ɗauki lokaci, ofishinka kuma yana tsaye. In ka zaɓe ta, ka haɗa da abin ba da wuta na ajiya da fanka ɗaya tun a cinikin farko.