Yadda za ka gane dangin abokin aikinka ɗan Sindh

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaurin dabino a wani shago a Madina tare da wani dattijo mutumin Sindh, wani lardi a Pakistan, amma shekara biyun farko "ɗan Pakistan" kawai nake ce masa. Ashe abin yana sosa masa rai, kamar yadda mu ma ba ma so a yi mana kuɗin goro a ce Takari.

Kada ka fara da tambaya. Gaisuwa tukuna, ka ce masa "Sain", wato ranka ya daɗe a bakinsu. In shayi ya sauka, sai ka tambayi "zat" ɗinsa, kalmarsu ke nan ta dangi. Sau da yawa ma tana ƙarshen sunansa a jikin iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya.

In ka ji Unar, Abro ko Junejo, to ka faɗa gidan Samma, kuma nan hira take. Su suka karɓi mulkin Sindh daga hannun gidan Sumra wajen 1351, suka zauna a birnin Thatta har farkon ƙarni na 16, sarkinsu Jam ake ce masa. Ambaci Jam Nizamuddin, wanda ya yi sarauta daga 1461 zuwa 1508, da kabarinsa a maƙabartar Makli, ka ga yadda fuska za ta washe. Dattijon nawa Junejo ne, kuma ba ya gajiya da tuna mini cewa Muhammad Khan Junejo ya zama firaministan Pakistan a 1985. Da na bi diddigi, suna kawai suka haɗa, ko gaisawa ba su taɓa yi ba.

Talpur kuwa asalinsu Baloch ne, ko da yake sun mulki Sindh daga 1783 har Turawan Ingila suka ci su da yaƙi a 1843. Kalhora da suka gabace su suna jingina kansu ga Abbasiyawa. Kada ka yi musu. Mu ma muna da Bayajidda na Bagadaza.

Ɗan ƙasar Saudiyya mai laƙabin Assindi, irin laƙabin Hausawi namu, shi kakan da ya zo hajji ya zauna za ka tambaya.

Ƙauye ake tambaya a ƙarshe, "got" suke cewa. Ranar da na tambayi dattijo nasa, bayan kwalin dabinon Ajwa ya juya, ya zana mini kogin Indus da biro, ya ɗiga ɗigo a gefensa.