Kurakuran da aka fi yi wajen bin sawun hanyar sadarwa da binciken katangar tsaro

Duk wanda ya daɗe yana kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta ya san cewa ping da traceroute da mtr, manhajojin gwada ko hanya tana kaiwa da kuma bin sawunta, ba sa ƙarya, sai dai sau da yawa mai karanta sakamakonsu ne yake ɗora musu maganar da ba su faɗa ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar shiru a matsayin shaidar yankewar hanya. Mike Muuss ya rubuta ping a 1983, Van Jacobson kuma ya fito da traceroute a 1987, dukansu sun dogara ne da saƙonnin ICMP, wato saƙonnin da na'urori ke aika wa juna don sanar da halin da hanya take ciki, waɗanda kowace na'ura a kan hanya tana da ikon ƙin amsa su ba tare da ta daina isar da bayanan mutane ba.

Yana da kyau a san yadda traceroute yake aiki tukuna. Yana aika fakiti, wato ƙunshin bayanai, mai adadin TTL na 1 (TTL shi ne yawan zangon da aka yarda fakiti ya bi), rauta ta farko, wato na'urar da ke miƙa fakiti gaba, ta rage shi zuwa sifili, ta jefar da fakitin, sannan ta mayar da saƙon ICMP nau'i na 11 mai cewa wa'adi ya ƙare. Daga nan sai ya ƙara adadin zuwa 2, zuwa 3, har zango 30 idan ba a sauya masa ba, yana aika gwaji uku a kowane zango. Idan aka ga taurari uku, alamar rashin amsa, a zango na shida, amma na bakwai da na takwas sun amsa, to zango na shida lafiyarsa ƙalau, domin ta cikinsa aka bi aka kai ga na gaba. Abin da ya faru kawai shi ne rautar ba ta ga damar amsawa ba. Haka abin yake a mtr: mutum zai ga asarar kashi 60 cikin ɗari a wani zango na tsakiya, hankalinsa ya tashi, alhali zangon ƙarshe bai rasa ko fakiti ɗaya ba. Manyan rautoci suna isar da fakitin da ke wucewa ta wani sashe mai sauri na musamman, su bar amsa ICMP ga ƙwaƙwalwarsu ta gudanarwa, wadda aka ƙayyade mata yawan amsar da za ta bayar a daƙiƙa. Asarar da ya kamata a damu da ita ita ce wadda ta fara a wani zango ta kuma ci gaba har zuwa ƙarshe. Jinkiri ma haka ne, kuma kada a manta haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 ne a milisakan ɗaya, saboda haka tsallen jinkiri a inda hanya ta ƙetare teku ba cuta ba ce.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓata lokaci, wato gwada hanya da irin fakitin da ba shi ne ake rigima a kansa ba. A Linux da macOS, traceroute yana amfani da fakitin nau'in UDP ne daga ƙofa ta 33434 zuwa sama (ƙofa lamba ce da ke nuna manhajar da fakiti ya nufa), shi kuwa tracert na Windows ICMP yake aikawa. Shi ya sa ma'aikata biyu za su zauna a ɗaki ɗaya, su nufi adireshi ɗaya, ɗaya ya isa ɗaya ya maƙale, su yi ta gardama. Katangar tsaro tana yanke hukunci ne bisa nau'in fakiti da lambar ƙofa, don haka idan shafin intanet ne ya ƙi buɗewa, abin da za a gwada shi ne fakitin nau'in TCP a ƙofa ta 443. A Linux umarnin traceroute -T -p 443 yana yin wannan, a Windows kuma Test-NetConnection da ke cikin PowerShell yana tabbatar da ko ƙofar a buɗe take. Ita kanta katangar Windows ba ta saba amsa ping daga waje ba sai an ba ta izini, ke nan kwamfuta tana iya zama a kunne, tana aikinta, ping kuma ya ce babu kowa.

Akwai kuma masu kula da tsaro da suke toshe ICMP gaba ɗaya suna ganin sun yi gwaninta. A ganina wannan shi ne kuskure mafi muni, domin illarsa ba ta fitowa fili. Hanyar Ethernet ta yau da kullum tana ɗaukar fakiti har bayit 1500, amma haɗin PPPoE, wanda wasu kamfanonin intanet ke amfani da shi, yana rage shi zuwa 1492, hanyoyin VPN kuma su rage fiye da haka. Idan babban fakiti ya zo wurin da ya yi masa ƙunci, rauta takan mayar da saƙon ICMP nau'i na 3 lamba ta 4, tana cewa a rage girma. Da zarar katanga ta haɗiye wannan saƙo, mai aikawa zai yi ta tura abin da ba zai wuce ba. Alamarsa a bayyane take ga wanda ya taɓa gani: ana shiga saba, wato kwamfutar da ke ba da hidima, daga nesa ta SSH lami lafiya, gajerun umarni suna aiki, amma da an nemi wani dogon fayil sai allo ya tsaya cak. Ana tabbatar da shi da ping -M do -s 1472 a Linux, ko ping -f -l 1472 a Windows, domin 1472 da bayit 28 na kanun IP da ICMP su ne 1500. Sai a riƙa rage adadin har a ga inda ya wuce. Gyaran shi ne a bar saƙon ICMP mai cewa a rage girma ya shiga. A IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, lamarin ya fi tsanani, tunda rautoci ba sa tsinka fakiti ko kaɗan, kuma gano maƙwabta a kan hanya ma da ICMPv6 ake yin sa.

Sai batun bambanta ƙi da shiru. Dokar REJECT tana mayar da amsa nan take, DROP kuwa tana jefar da fakiti ba tare da cewa uffan ba, sai mai nema ya jira har wa'adi ya cika. Idan amsar ƙi ta dawo cikin ƙiftawar ido, galibi fakitin ya isa, kuma mai yiwuwa babu manhajar da ke saurare a wannan ƙofa. Kafin a zargi katanga, a duba da ss -tlnp, domin sau da yawa za a tarar manhajar ta ɗaure kanta a 127.0.0.1, adireshin cikin gida na kwamfutar, inda babu wanda zai same ta daga waje.

Tsarin dokoki ma yana kayar da mutane. A iptables, manhajar tsara katangar Linux, dokar da ta fara dacewa da fakiti ita ce take yanke hukunci, don haka izinin da aka liƙa a ƙasa da dokar hana kowa ba shi da amfani. Ƙididdigar da iptables -L -v -n take nunawa tana bayyana dokar da fakiti yake faɗawa.

Abin da traceroute ba ya nunawa sam shi ne hanyar dawowa. Fakiti yana iya fita ta katanga ɗaya, amsarsa ta biyo ta wata, ita kuma katanga mai tuna haɗi, da ta ga amsar da ba ta san farkonta ba, sai ta yar da ita. A nan sai an gudanar da gwajin daga ɓangarorin biyu, a kuma kunna tcpdump, mai nuna fakitin da ke shiga da fita, a kan sabar. Idan SYN, fakitin neman haɗi, ya iso, SYN-ACK, wato amsarsa, ya fita, amma bai kai ga mai nema ba, to a hanyar dawowa matsalar take, kuma teburin hanyoyin sabar da na rautar da ke gabanta su ne wurin da za a fara dubawa.