Haɗa babur a ƙauye: kafireta ko injekta?

Wata huɗu na yi ina haɗa babur ɗin da nake hawa yanzu, a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Shasinsa na tsohon Jincheng ne, injinsa irin na CG mai lamba 150, tanki daban, fitila daban. Tun da na fara fita da shi samari ke tsayar da ni a hanya, kuma tambayarsu kusan ɗaya ce: me ya sa na ɗaura masa kafireta alhali ana ta yayin injekta? Su biyun hanyoyi ne na haɗa wa inji fetur da iska. Ga yadda na bi, ko wani zai amfana.

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka san aikin da babur ɗin zai yi. Nawa riɗi da gero yake kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kuma kusan rabin hanyar rairayi ne. Don haka ƙarfin ja na nema, gudu bai dame ni ba.

Fara da shasi, kuma fara da takardunsa. Ka duba lambar da ke wuyan shasin ta yi daidai da ta rasit. In ka ga alamar an goge lamba ko an sake buga ta, bar shi ko kyauta ne, domin babur ɗin sata ba ya barin mutum ya yi barci. Sannan ka tsaya daga baya ka hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Shasin da ya taɓa lanƙwashewa zai riƙa janka gefe a cikin yashi har abada.

Injin CG na zaɓa da gangan. Honda ta fito da CG125 a 1975 ne saboda ƙasashe irin namu, inda ake ɗora wa babur kaya fiye da kima, a kuma makara wajen juye baƙin mai. Ba shi da sarƙar tayimin, 'yan sandunan ƙarfe ne ke tura bawul ɗinsa. Kamfanonin Sin sun kwaikwaye shi sosai, shi ya sa kayansa ke ko'ina, daga Ƙofar Ruwa a Kano har teburin mai kayan babur na kasuwar ƙauye. Wajen ɗaura shi, ka sa mai walda ya ɗan ɗosa ƙafafun injin tukuna, ku ja zare daga sifoket ɗin gaba zuwa na baya, sai sun yi saiti sannan ya ƙone su. In suka kauce ko da kaɗan ne, sarƙa za ta riƙa cin haƙora. Sifoket ɗin baya na ƙara masa girma, babur ya rage gudu amma ya daina nishi a rairayi. Tanki kuwa kada a kusanto masa da wutar walda sai an wanke shi an cika shi da ruwa, don tururin fetur ya fi fetur ɗin kansa haɗari.

Sai babbar magana. Inji yana son iska kusan kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na fetur, a ma'aunin nauyi. Kafireta da injekta duk wannan haɗin suke yi, hanya ce ta bambanta.

Kafireta ba ta neman wuta. Fistin ya zuƙi iska, iskar ta ratsa ta wani maƙogwaro mai ƙunci, saurinta ya tsotso mai daga ɗan kofin da ke ƙasa. Abu uku ke raba aikin a cikinta. Ƙaramin jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi, shi ke riƙe silo da farkon totur, allura ta karɓa a tsakiya, babban jet ya ɗauka idan ka murɗa har ƙarshe. Wanda ya gane wannan ya gane kafireta, saboda inda babur ke shaƙewa shi ke gaya maka wanne za ka taɓa.

Injekta kuma famfo ne a tanki ke tura mai da ƙarfi, sensoci su auna zafin inji da iskar da ke shiga da yawan totur, wata 'yar kwamfuta ta lissafa, nozul ya fesa daidai. Gaskiya aikinta ya fi tsabta. Da asubar hunturu, lokacin da mu masu kafireta muke jan cok muna ta buga kik, mai injekta taɓa maɓalli kawai yake. Tana rage shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 babu mai raina wannan. Duniya ma can ta nufa. Kawasaki ta sa ta a babur tun 1980, Honda ta sa wa Super Cub a 2007, kuma daga Afrilun 2020 dokar hayaƙi ta Indiya ta tura yawancin baburan da ake sayarwa a can zuwa injekta.

Duk da haka kafireta na ɗauka, kuma dalilina guda ne: wa zai gyara min, a ina, da me? Wata Alhamis na sha man kwalba a bakin hanya, ashe da ruwa a ciki. Ban yi nisa ba babur ya fara tari ya mutu, ga buhu biyu a baya, ga rana. Na rufe makunnin mai, na kwance dunƙulen ƙasan kofin da sukudireba, na tsiyaye shi a murfin galan. Na ga ruwan ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido, fetur na yawo a kansa. Na cire jet na hura, na mayar. Kafin a kira azahar ina kasuwa. Da injekta ce, da sai an ɗora babur a mota zuwa birni wurin mai na'urar gwaji. Kuma ita sai da lafiyayyar wuta, batir ya yi sanyi famfo ya yi sanyi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

In kafireta ka zaɓa, ɗauki wadda ta dace da injin. Ga inji 150, kafireta mai lamba PZ27 ta isa. Na gwada PZ30 da farko bisa shawarar wani cewa babba ta fi ƙarfi, sai babur ya riƙa dushewa duk sanda na murɗa totur da sauri, saboda iskar ba ta da saurin da za ta ja mai a maƙogwaro mai faɗi haka. Saiti kuma sai inji ya yi zafi. Murɗa dunƙulen haɗi ciki a hankali har ya tsaya, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, daga nan ka bi da kunne zuwa inda silo ya fi daɗin sauti. Sai ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka kwance fulogi ka duba bakinsa. Launin soyayyar gyaɗa shi ake nema. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ne mai ƙona fistin. Allura tana da tsagi-tsagi a samanta: ka sauko da kilif ɗin tsagi ɗaya mai ya ƙaru, ka hau da shi ya ragu. Abu ɗaya za ka canja a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Ina roƙon samari da babbar murya su daina cire matatar iska don babur ya yi ƙara. Ƙurarmu yashi ce, tana shiga ta goge ringi kamar an sa sanfefa. Ni soso na bari a cikin akwatinsa, ina wanke shi da kalanzir duk sati a lokacin hazo, ya bushe, in ɗiga masa baƙin mai in matse. Na kuma sa 'yar matatar mai a tiyo tsakanin tanki da kafireta.

Wanda yake kusa da Dutse ko Kano, hanyarsa kwalta, yake shan mai a gidan mai, ban hana shi injekta ba. Amma ya sayi injin da aka ƙera da ita, ya taho da komai nasa: wayoyi, kwamfuta, sensoci, famfo, har tankin in zai samu. Ɗaura injekta a injin kafireta aiki ne mai cin kuɗi da ba na ba ɗan ƙauye shawararsa. Kada ya bar tanki ya riƙa ƙafewa, domin man ne ke sanyaya famfon, kuma ya cire kan batir da kwamfutar kafin a yi walda a jikin babur.

Da ka gama haɗawa, kada ka ɗora kaya ranar farko. Canja takalmin birki gaba da baya, yi kwana biyu kana zagaya gari kai kaɗai, kana dawowa kana bin kowane noti da sifana, musamman na ƙafafun inji da na tayar baya. Idan fistin da ringi sababbi ne, juye baƙin man farko da wuri, za ka ga ɗan garin ƙarfe na ƙyalli a cikinsa. Bayan nan ka je ofishin lamba da rasit ɗin shasi da na inji a yi maka takardu.