Yawon bakin rafi bayan ambaliya: kurakuran da na gaji da gani

Da zarar ruwan Agusta ya lafa, sai ka ga samarin birnin Katsina sun ɗunguma wajen dam ɗin Ajiwa, na Daura kuma sun nufi Daberam, za a miƙe ƙafa a ɗauki hoto. Ba laifi, ni ma ina fita. Abin da ke damuna, kuskuren bara shi ake maimaitawa bana.

Mafi muni shi ne bin bakin gaɓa. Ƙasarmu yashi ce. In ruwa ya zo da ƙarfi, ba saman gaɓa yake ci ba, gindinta yake rarakewa, ya bar ɓawo a sama, ciyawa kore shar tana riƙe da shi. Kai da ke sama ba abin da za ka gani sai turbar da ka saba bi tun rani. Haka na karye. Ina tafe kan hanyar da na sani sarai, gaɓa ta rufta da ni, sai makiyaya ne suka ɗauko ni. Kakar waccan shekarar a kwance na yi ta, gerona ma 'yan uwa suka girbe mini. Tun daga nan nake barin tazarar tsawon sandata uku tsakanina da baki, in kuwa na ga tsaga a ƙasa ko saiwar itace tana reto a fili, sai in ƙara ja baya. Wasu na cewa tsorona ya yi yawa. Su yi ta faɗa. Ku kuma masu jeruwa ku biyar ku shida a bakin gaɓa don hoto, don Allah ku bari! Nauyinku kawai take jira.

Sai tsallaka ƙorama don an ga gari garau ba hadari. Wa ya ce muku sai an yi ruwa a kanku rafi ke kawowa? Ruwan da ya sauka can sama, inda ko tsawarsa ba ku ji ba, shi zai tarar da ku a tsakiyar yashi. Mutanen Jibiya ba su manta Yulin 2018 ba, da ruwa ya zo cikin dare ya ci mutum sama da 40, ya share ɗaruruwan gidaje. In ruwa ya fara yin ja, yana ɗauko kara da kumfa, ku fita nan take. Ni dai in ya kai gwiwa kuma yana gudu, ba na shiga, kuma sanda ce ke gaba kafin ƙafa, domin laka mai kama da busasshiya takan haɗiye mutum har cinya.

Tarin kara da ƙirare da ruwa ya bari a gindin itatuwa, nan kububuwa da kunama ke fakewa bayan ramukansu sun cika. Kada a zauna a kai, kada a sa hannu. Silifa kuma a bar ta a gida, a sa takalmi rufaffe. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau. A kwantar da mutum a kai shi asibiti.

Wanka a kududdufi yana jawo tsargiya. Ruwan sha a taho da shi daga gida. Bedi ko tsamiyar da ta karkata ba wurin hutawa ba ce.

Kafin ku shiga, ku yi sallama da manomin da ke kusa ku ce, "Baba, ina ne hanya ta yanke?" Ya fi waya sanin wurin. Dazukan yammacin jihar irin su Rugu kuwa ba na yawo ba ne a wannan hali na tsaro. A faɗa wa na gida inda aka nufa, a kuma juyo kafin la'asar.